Yaya ake yi wa ɗa addu'a idan shi kansa ba ya son jin ta?

Maman Uku, Badawa:

Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Don Allah shawara nake nema, musamman wajen iyayenmu mata da dattawa da suka riga mu ganin rayuwa. Ɗana na fari shekarunsa 19, a cikin ikkilisiya ya tashi, makarantar Lahadi, ƙungiyar mawaƙa, har shi ke buga ganga a sujadar Hausa, baftisma ma da bakinsa ya nema ba wanda ya matsa masa. Da ya gama sakandare bai samu makin shiga jami'a ba sai muka sa shi koyon gyaran waya a Sabon Gari kada ya zauna haka, to daga nan abubuwa suka fara canjawa. Ya daina zuwa coci, in an ce a tashi sujadar safe sai ya ja bargo ya juya wa mutane baya, sai dare ya yi yake shigowa idonsa jawur magana tana fita da ƙyar, kwanan baya kuma ina wanki na tsinci kwalbar maganin tari a aljihun wandonsa babu komai a ciki, alhali yaron nan ko tari ɗaya ban ji ya yi ba.

Addu'a kam ina yi, Allah shi ne shaida. Tsakar dare nake tashi in durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa ina kiran sunansa ina tsauta wa ruhun shaye-shaye, shi kuma ya ce ina tona masa asiri a gidan haya maƙwabta suna ji, ranar nan har cewa ya yi in ban daina ba zai bar mini gidan. Babansa direban babbar mota ne, rabin wata yana hanyar Legas, in ya dawo na faɗa masa sai ya ce ƙuruciya ce zai daina. Wata maƙwabciyata ta kai ni wurin wani da suke kira annabi, ya ce la'ana ce daga gidan kakannin mijina domin da can suna tsafi, wai sai an yi addu'ar kuɓutarwa ta kwana bakwai kuma akwai kuɗin mai da na ruwa da zan kawo, kuɗin ba kaɗan ba.

Tambayata ita ce, yaya uwa take roƙo domin ɗanta a irin wannan hali? Maganar la'anar nan gaskiya ce? Ko akwai abin da yake tare addu'ata ne, domin na gaji da kuka kuma ban ga alamar komai ba.

Kaka 'Yar Zumunta, Birged:

'Yata sannu, Ubangiji ya share miki hawaye. Na karanta har ƙarshe kuma zan gaya miki gaskiya yadda zan gaya wa wadda na haifa.

Abu na fari, ki tashi daga bakin ƙofar nan. Ban ce ki daina addu'a ba, ko kusa, cewa na yi ki canja wuri. Yesu ya ce a Matiyu 6:6 in za mu yi addu'a mu shiga ɗaki mu rufe ƙofa, ɗakinki ake nufi ba ƙofar ɗakin yaro ba. Ki tambayi zuciyarki tsakaninki da Allah, lokacin da kike ɗaga murya a wurin, wa kike so ya ji, Ubangiji ko yaron? Mu iyaye mata mun iya wannan sosai, faɗan da muka kasa yi ido da ido sai mu zuba shi cikin addu'a, "Uba ka ga yadda wane ya zama ɗan iska, ka ga yadda yake kunyata mu," yaro yana kwance yana ji, abin da ya shiga kunnensa shi ne uwata ta kai ƙarata. Allah ba kurma ba ne. Hannatu a 1 Sama'ila sura 1 leɓunanta kaɗai ke motsi ba a jin muryarta har Eli firist ya zaci buguwa ta yi, amma wannan addu'ar ce ta haifi Sama'ila.

Sai ki duba Ayuba 1:5. Mutumin nan 'ya'yansa goma, maza bakwai mata uku, duk sun girma suna bukukuwansu a gidajensu, shi kuwa yakan tashi da sassafe ya miƙa hadaya bisa ga yawansu, kowa da tasa, yana cewa watakila sun yi zunubi a zuciyarsu. Bai jira sai ya tsinci kwalba a aljihu ba, kuma nassin ya ce haka yake yi kullum. Na kawo wannan ne saboda sunanki Maman Uku amma a duk rubutunki ɗaya na gani. Ina sauran biyun? Sau da yawa gida yakan tattara hankali kan wanda ya kauce, ƙannen suna gefe suna kallo ba mai tambayarsu yaya makaranta, ba mai kiran sunansu a addu'a sai a dunƙule, "da sauran yara". Ki kira kowa da sunansa, ki roƙa masa abin da ya shafe shi shi kaɗai, abokan da yake yi, malaman da suke koya masa, wadda zai aura ko wanda za ta aura tun yanzu, hanyar da suke bi zuwa makaranta. Shi ma babban kada addu'ar da kike yi masa ta zama ta kodin, maganin tarin nan, kaɗai kullum, ki gode wa Allah domin hannunsa da ya iya gyara, ki roƙa masa kasuwa, ki roƙa masa aboki ɗaya na kirki a shagon nan. Addu'a irin wannan tana gyara idon uwa, da safe in kin gan shi ɗanki za ki gani ba matsala ba.

Kuma kada ki kai maganar gaban zumuntar mata gaba ɗaya a matsayin roƙon addu'a. Ina cikin zumunta tun ina amarya, ina ƙaunarta, ita ta riƙe ni lokacin da mijina ya rasu, amma mata hamsin ba sa riƙe sirri, kafin Lahadi labarin ya kai kunnen tsaransa. Ki zaɓi mata biyu masu kamun baki, ku sa rana ɗaya a mako ku haɗu ko da a waya ne.

Game da cewa ba ki ga alama ba, akwai wata uwa a tarihin ikkilisiya sunanta Monika, 'yar Afirka ce daga ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Ɗanta Agustin ya bar bangaskiyar da ta koya masa ya bi wata koyarwa daban shekara da shekaru, har ya tsallaka teku zuwa Italiya ba da sonta ba, ta bi shi da addu'a ta kuma bi shi da ƙafa. Sai a shekara ta 387 aka yi masa baftisma a birnin Milan yana da shekara 32, a wannan shekarar ita kuma ta rasu. Daga baya ya zama bishop kuma har yau ana karanta koyarwarsa a makarantun tauhidi. Naki 19 ne kawai 'yata.

Ɗan Nomansland:

Mama ina gaisuwa. Ni ba dattijo ba ne, shekaruna ba su kai talatin ba, amma abin da kika rubuta kusan labarina ne shi ya sa na ce bari in sa baki ki ji daga ɓangaren yaron.

Duk abin da Kaka ta faɗa kan bakin ƙofa haka yake. Lokacin da nake ciki na san abin da nake yi ba daidai ba ne, ba sai an gaya mini ba, yaron da ya haddace ayoyi a makarantar Lahadi ya sani sarai. Kunya ce take hana mu zuwa coci ba wai mun daina gaskatawa ba, kana shiga ka ga idon iyaye mata a kanka ka san an yi maganarka, ga abokanka da kuka gama tare suna BUK ko suna Zariya kai kana kasuwa kana jiran oga ya ba ka na abinci. Ki lura da wannan Mama, maganar jarrabawar nan da bai samu ba, ina jin nan ciwon yake, kwalbar daga baya ta zo. Akwai wanda ya taɓa zama da shi ya tambaye shi yaya ya ji da sakamakon ya fito?

Ni abin da ya riƙe ni abu biyu ne. Mahaifiyata ko ƙarfe nawa na shigo zan tarar da tuwona a kula a rufe a kan tebur, miya a ƙaramar roba, ba ta taɓa fasawa ba ko ranar da muka yi faɗa, kuma in na wuce ɗakinta ina ganin hasken tocila ta ƙasan ƙofa na san Littafi ne a gabanta. Ba ta taɓa cewa domin kai nake yi ba amma na sani. Na biyu babana ne, mutum ne marar yawan magana, wata rana da daddare sai ga shi a teburin mai shayin da muke zama, abokaina duk suka watse ni kuma na shirya jin zagi, sai ya zauna a benci ya ce a haɗa mana shayi da biredi mu biyu. Muka sha. Da za mu tashi ya ce mu tafi gida tare, a hanya ne ya ce mini duk inda motar aiki ta kai shi sai ya kira sunana gaban Allah kafin ya kwanta. Ban daina a ranar ba gaskiya, an ɗau lokaci kuma sai da aka haɗa da asibiti, amma daga ranar na san ƙofa a buɗe take.

'Yar Sarki Yesu:

Ni dai ban yarda a ce ta yi shiru ba gaskiya. Afisawa 6:12 ta ce yaƙinmu ba da nama da jini ba ne, shaye-shaye ɗauri ne kuma ɗauri sai an tsinka shi. Yau yara nawa muka rasa a garin nan saboda ana lallaɓawa? Eli ya lallaɓa Hofni da Finehas, mun ga ƙarshensu rana ɗaya suka mutu. Mama ki ɗau azumi, in ya fita ki shiga ɗakin ki yi addu'a a kan gadonsa da kayansa, ki kira fastonku ya zo gidan. Matar nan Bakan'aniya a Matiyu 15 ihu ta riƙa yi a bayan Yesu domin 'yarta har almajirai suka ce a sallame ta, ba ta yi shiru ba kuma ta samu abin da ta zo nema.

Dattijo, Tudun Wada:

Salama gare ku duka. 'Yar'uwa da ta yi magana a sama, ba na jin akwai saɓani tsakaninki da Kaka kamar yadda kike gani. Bakan'aniyar nan Yesu take yi wa ihu, ba 'yarta ba, yarinyar ma tana gida. Azumi daidai ne, naciya daidai ce, Luka 18 misalin gwauruwa da alƙali domin wannan aka ba mu shi. Kuma kin yi gaskiya kan Eli, addu'a ba ta ɗauke wa iyaye horo. Sai dai horon aikin zama ne da rana ido da ido, da uba a wurin, ba na tsakar dare ta bayan ƙofa ba.

Ni maganar la'ana da kuɗin mai ce ta sa na kasa wucewa. Maman Uku, ni Bamaguje ne gaba da baya, a ƙauye aka haife ni a ƙasar Kano, na ga kakana da idona yana yanka wa kan gida, wato iskan da gidan ke bauta wa, jan zakara, na ga inda ake zuba jinin. Yawancin Hausawa masu bi da kike gani a ikkilisiyoyin ECWA da HEKAN da Katolika a jihar nan daga irin gidajen nan muka fito. In da la'anar kakanni tana bin wanda ya karɓi Almasihu da babu ɗayanmu da zai tsaya, da ba mu da fasto ko ɗaya. Ki buɗe Ezekiyel sura 18 ki karanta ta duka a natse. Mutanen Isra'ila suna da karin magana cewa ubanni sun ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya suka mutu, Ubangiji ya ce kada a ƙara faɗin wannan, a aya ta 20 kuma ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'ana da ya zama la'ananne dominmu. An riga an biya. Wanda ya ce ki kawo kuɗi kafin Allah ya ji kukanki a kan ɗanki, ki tuna abin da Bitrus ya gaya wa Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni 8 da ya kawo kuɗi zai sayi baiwar Allah. Kada ki koma wurin, kuma kada ki kai yaron, domin in aka danne shi ana ihu a kansa ana zuba masa mai gaban jama'a ba lallai ya sake yarda da wani abu mai suna addu'a ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai da irin koyarwar nan, tana raba gida. Ga shi an riga an nuna miki dangin mijinki a matsayin tushen matsala, gobe in surukarki ta zo daga ƙauye da 'yar dawarta da daddawa wane ido za ki kalle ta da shi? Gidan da ya kamata ya haɗa kai ya roƙi Allah sai ya koma zargin juna.

Kin tambaya ko wani abu yana tare addu'arki. Jinkiri ba shi ne ƙi ba, kuma ba a auna addu'a da ƙarfin murya ko yawan kwanaki. Uban nan a Markus 9 da ya kawo ɗansa mai faɗuwa cikin wuta da ruwa, bangaskiyarsa ma rabi da rabi ce, da bakinsa ya ce ya ba da gaskiya amma a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu bai kore shi ba ya warkar da yaron. Ranar da kika rasa abin faɗa sai kuka, Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Littafi Mai Tsarki yana hannunmu da Hausa tun 1932, iyayenmu da yaƙi da jahilci kawai suka yi da shi suka riƙe gidajensu, ba su da annabin haya. In kalmomi sun ƙare miki ki ɗauki Zabura 121 ko Yahaya 17 inda Yesu ya roƙa a kiyaye nasa daga Mugun, ki sa sunan yaronki a ciki ki karanta wa Ubangiji.

Nas Maryamu:

Mama ni ma'aikaciyar jinya ce, zan ƙara abu ɗaya a kan na iyayenmu. Kodin dangin su tiramadol ne, jiki yana sabawa da shi, in mutum ya daɗe yana sha ya tsaya farat ɗaya sai ciwon jiki da gumi da gudawa da rashin barci su taso, shi ya sa da yawa suke yin alkawari da hawaye su koma bayan kwana biyu, ba taurin kai ba ne kawai. Tun watan Mayu 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi bayan binciken da BBC ta yi wanda har da Kano a ciki, to abin da ake sayarwa a ɓoye yanzu ba wanda ya san me aka haɗa a ciki, kuma yara suna gauraya shi da ƙwayoyi, wannan haɗin yana iya tsayar da numfashi cikin barci. In kin ga yana barcin da ba a iya tashinsa ko numfashinsa ya yi ƙasa sosai ku tafi asibiti nan take. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau, zuwa can ba ya nufin ɗanki mahaukaci ne kuma ba rashin bangaskiya ba ne, Luka da ya rubuta bishara ma likita ne. Don Allah kada a kai shi inda ake ɗaure yara da mari.

Maman Uku, Badawa:

Na gode ƙwarai, Ubangiji ya sāka wa kowa. Na karanta Ezekiyel 18 yau da safe, hankalina ya kwanta kan maganar la'ana, wurin mutumin nan kuma ba zan koma ba. Ɗana na Nomansland maganarka ta jarrabawa ta shige ni, ba wanda ya tambaye shi kam. Saura babansa, jibi zai dawo daga hanya, yaya zan sa shi ya ɗauki abin da muhimmanci ba tare da ya zama faɗa ba? Domin shi in ransa ya ɓaci bel yake ɗauka, yaron kuma ya wuce duka.

Dattijo, Tudun Wada:

Kada ki tare shi da maganar yana sauke jaka. Ya yi wanka ya ci abinci ya huta, washegari in yara sun fita ki ajiye kwalbar a gabansa ki ce kina so ku yi addu'a ku biyu kafin kowa ya yi wa yaron magana. Mutumin da ya durƙusa ya kira sunan ɗansa gaban Allah da wuya ya tashi ya nemi bel. Ku karanta Afisawa 6:4 tare, ubanni aka kira a wurin ba iyaye mata ba. In kin san ba zai saurare ki ba, ki sami dattijo ɗaya a ikkilisiyarku wanda yake jin nauyinsa ya zo kamar gaisuwa. In ya koma hanya kuma ku sa lokaci, ko a Tafa ya tsaya ko a Mokwa ya kira waya, minti biyar ya isa ku ambaci yaran uku ɗaya bayan ɗaya, wani lokacin kuma ya kira babban a wayarsa ya tambaye shi yaya kasuwa.